Darasi a Kan Ciyar da Yara: Matsalar Ƙiba a Gidajen Latino na Amurka

Darasinmu na wannan karo ya shafi ƴaƴan al'ummar da ake kira Latino a ƙasar Amurka, wato mutanen da asalinsu ya fito daga Mekziko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna yawansu ya haura miliyan 62.

Binciken hukumar lafiya ta CDC na 2017 zuwa 2020 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na ƴaƴan Latino masu shekara 2 zuwa 19 suna da ƙiba mai cutarwa, alhali a ƴaƴan fararen fata kusan kashi 17 ne. Sau da yawa ƙibar da ta kama yaro tun kafin ya shiga makaranta takan bi shi har girma, ta jawo ciwon suga da hawan jini.

Dalilai suna da yawa, cikinsu akwai talauci da arhar lemon kwalba da kayan zaƙi. Akwai kuma al'ada: iyaye da kakanni da dama suna ɗaukar ƙibar yaro alamar lafiya, har suna kiransa "gordito", wato ɗan lukuti, don ƙauna. Malama Sheryl Hughes da abokan aikinta a birnin Houston sun gano cewa iyaye masu sakar wa yaro ya ci abin da ya ga dama, ba lokaci ba ƙa'ida, ƴaƴansu sun fi nauyi. Malama Leann Birch kuwa ta nuna cewa tsananta hani yana ƙara wa yaro kwaɗayin abin da aka hana shi. Ashe sakaci da tsanani duka ba su da amfani.

Ga hanyoyin da masana suka yi nuni da su.

Na farko, a raba aiki, kamar yadda Ellyn Satter ta tsara: iyaye su zaɓi abin da za a ci, da lokaci, da wuri, yaro ya zaɓi gwargwadon da zai ci. Kada a tilasta masa ya cinye kwano, domin hakan yana koya masa ya ƙi sauraron ƙoshinsa.

Na biyu, kada a mai da alewa ladan ladabi ko maganin kuka.

Na uku, idan yaro ya ƙi ganye ko wake, a sake kawo masa cikin haƙuri, ko sau 10 ne ko fiye, iyaye kuma su ci a gabansa.

Na huɗu, ruwa da madara su ne abin shan yaro. A 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba jaririn da bai cika shekara ba ruwan ƴaƴan itace, mai shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce kimanin mililita 120 a yini.

Na biyar, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 3 zuwa 4 ya samu minti 180 na wasan motsa jiki kullum, kallon talabijin kada ya wuce awa 1.

Gyara yana yiwuwa. A 2009 shirin WIC, mai tallafa wa mata da ƙananan yara da abinci, ya ƙara ƴaƴan itace da ganye da hatsin da ba a surfa ba cikin abin da yake bayarwa. Ƙiba a yaran shirin masu shekara 2 zuwa 4 ta sauka daga kashi 15.9 a 2010 zuwa 13.9 a 2016.

Ƴan'uwa, mu a nan tamowa ce babbar damuwarmu, amma lemon kwalba da biskit sun cika kasuwannin biranenmu, mu ma kuma mukan yaba yaro mai ƙiba. Mai son sanin lafiyar ɗansa, ya kai shi awo asibiti. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.