Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Babu garin da mutum zai shiga bai ga kangon gini ba. Wani ya kai linta ya tsaya, wani an yi masa rabin rufi, ciyawa ta cinye sauran. In ka tambayi mai shi, amsar ɗaya ce: kuɗi ne suka ƙare. Amma in ka bi diddigi, sau da yawa za ka tarar kuɗin da aka tanada sun isa ginin da aka zana tun farko. Abin da ya cinye su shi ne "a ɗan ƙara wannan" da "a ɗan matsar da wancan", waɗanda babu wanda ya zauna ya lissafa. A kan wannan nake so in yi ɗan bayani, don kuwa akwai ilimi na musamman game da shi, wanda ake kira ilimin tafiyar da ayyuka.

Aikin da nake nufi shi ne wanda yake da ranar farawa da ranar gamawa, kamar gina gida, ko haƙa rijiya, ko shimfiɗa hanya. Kowane irin wannan aiki yana zaune ne bisa abubuwa uku: lokaci, da kuɗi, da girman abin da za a yi. Kamar duwatsun murhu suke. In ka gusar da ɗaya ba ka gyara sauran ba, tukunya ta kife.

A shekarar 1996 gwamnatin Ingila ta fito da wani tsari na tafiyar da ayyuka mai suna PRINCE2, wanda yanzu ake koyarwa a ƙasashe da dama. Wannan tsari ya kasa al'amuran da kan taso a tsakiyar aiki kashi uku.

Na farko shi ne neman canji. Wato mai aiki ya zo ya ce yana son wani abu dabam da wanda aka yi yarjejeniya a kai. Misali, an zana gida mai ɗaki huɗu, an zuba harsashi, sai maigida ya ce a ɗora bene.

Na biyu shi ne saɓa wa ƙa'ida. Wato abin da aka yi bai kai abin da aka ce a yi ba, ko kuwa an bar wani abu da ya kamata a sa. Misali, an ce birkila ya yi bango da bulo mai inci 9, sai ya yi da mai inci 6.

Na uku shi ne matsala ko damuwa. Wannan ya ƙunshi duk wani abin da ya faɗo wa aikin, kamar tashin farashin siminti, ko saukar damina da wuri, ko rashin lafiyar kafinta.

Wani zai ce, to, mene ne amfanin wannan rabe-rabe, tunda duk damuwa ce? Amfaninsa babba ne, domin irin al'amarin shi ke nuna wanda zai biya. In neman canji ne, mai aiki shi zai ƙara kuɗi, tunda shi ya sake shawara. In saɓa wa ƙa'ida ne, ɗan kwangila shi zai rushe ya gyara daga aljihunsa, sai fa in mai aiki ya ce ya yafe, ya karɓa a haka. In kuwa matsala ce, shugaban aiki zai nemi mafita, in ta fi ƙarfinsa ya kai gaba. A ganina, yawancin rigimar da ake yi tsakanin masu gida da magina daga nan take tasowa. Maigida yana ganin gyaran kuskure ne ake yi masa, magini yana ganin sabon aiki aka ba shi.

Ga kuma matakai biyar da ake bi in al'amari ya taso. Da farko a rubuta shi cikin littafin da aka keɓe, da kwanan wata da sunan wanda ya kawo shi. Na biyu, a auna shi: nawa zai ci, kwana nawa zai ƙara, me zai taɓa cikin abin da aka riga aka yi? Na uku, a kawo hanyoyin da za a iya bi, har da barin abin yadda yake. Na huɗu, wanda aka ba ikon yanke hukunci ya ce a yi, ko a bari, ko a dakata. Na biyar, a aiwatar, a gyara zane da lissafin kuɗi, a sanar da kowa. Mai hikima kuma yakan ware wasu kuɗi tun farko don canje-canje, in sun ƙare ya san lokacin cewa a'a ya yi.

Kada mu ɗauka ƙananan magina ne kaɗai ke faɗawa cikin wannan rami. Bari in kawo labarin wani gini da ya shahara a duniya, wato babban gidan waƙe-waƙe da wasanni na birnin Sidni a ƙasar Ostareliya, mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa. A shekarar 1957 wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Denmak, Jørn Utzon, ya ci gasar zanen gidan. Aka ƙiyasta zai ci dalar Ostareliya miliyan 7, a gama shi a 1963. Gwamnatin jihar tana gaggawa, don haka aka soma gini a watan Maris na 1959, alhali ba a kammala zanen ba, ba a ma san yadda za a yi rufin ba.

Sai a 1961 aka gano dabarar rufin. Da aka zo ɗora shi, aka tarar ginshiƙan da aka riga aka kafa ba za su iya ɗaukar nauyinsa ba. Dole aka sake su. Ga abin da aka yi bai kai abin da ake bukata ba ke nan.

A 1965 aka sami sabuwar gwamnati a jihar. Sabon ministan ayyuka, Davis Hughes, ya shiga taƙaddama da Utzon a kan kuɗi da kuma wanda ke da ikon yanke hukunci, har aka riƙe masa haƙƙinsa. A 1966 Utzon ya ajiye aikin ya bar ƙasar. Wannan ita ce matsala, irin wadda ba ta cikin zane.

Bayan tafiyarsa sai ga neman canji. Babban zauren da aka shirya don wasan kwaikwayo na waƙa da kuma kaɗe-kaɗe, aka ce a mai da shi na kaɗe-kaɗe kawai. Injinan dandamali da aka riga aka ƙera aka kafa, aka ciccire su. Ba a buɗe gidan ba sai ran 20 ga Oktoba, 1973, lokacin da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta zo ta buɗe shi. Aikin shekara 4 ya ɗauki shekara 14, kuɗin kuwa suka kai dala miliyan 102, wato ninki goma sha huɗu da ɗoriya. Utzon ya rasu a 2008 bai taɓa komawa ya ga ginin da idonsa ba.

Gaskiya ne ginin ya yi kyau, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2007. Wannan ya nuna canji ba laifi ba ne, don wasu daga cikin canje-canjen su suka sa ginin ya tsayu. Laifin shi ne fara gini kafin zane, da rashin sanin wanda ke da ta cewa. Su gwamnati ce, suna da inda za su samo ƙari, don da kuɗin caca ta jiha aka biya yawancin aikin. Mahaifin da ya tara kuɗin sallamarsa daga aiki don ya gina wa iyalinsa matsuguni ba shi da irin wannan gata. In nasa suka ƙare, sai kango.

Abin lura kuma shi ne, canji yana ƙara tsada ne gwargwadon nisan da aiki ya yi. Matsar da taga a takarda, abin goge fensir kawai zai ci. Matsar da ita bayan an yi filasta, sai guduma da sabon bulo da ladan leburori. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, duk wanda zai yi gini ya tara iyalinsa su duba zanen kafin a haƙa harsashi, kowa ya faɗi abin da ke ransa. In an fara, kada a ba magini umarni da baki a tsaye a bakin ƙofa. A rubuta, a tambayi kuɗinsa, sa'an nan a amince. Mutum ɗaya ne kuma zai riƙa ba da umarnin, don in maigida ya ce gabas, uwargida ta ce yamma, magini zai bi duka biyun ya kawo lissafi.

Mu kuma ɗalibai, kada mu ce sai mun zama injiniyoyi. Wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara aiki ne, lambun makaranta aiki ne, ita kanta wannan mujalla aiki ce. In wani ya kawo sabuwar shawara ana tsakiyar shiri, mu tambaye shi abu uku: wane irin al'amari ne wannan, me zai ci, wa zai amince? Wanda ya saba da wannan tun yana makaranta, ran da aka damƙa masa dukiyar jama'a ba zai bar mana kango ba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.