Idan Hadoop ya ce ya kasa saita fifiko

Wani ɗalibi ɗan Shinkafi, mai karatun kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ya kawo mini kwamfutarsa ransa a ɓace. Shi da abokinsa ɗan Zurmi sun haɗa kwamfutocinsu don aikin kammala karatu, amma duk sanda ya buga start-dfs.sh sai Hadoop ya ce masa "Cannot set priority of datanode process". Kwana biyu yana zargin rashin izini, har ya koma tayar da komai da sudo.

Saƙon nan yana ɓatar da mutane. A Hadoop 3, wanda ya fito a Disamba 2017, ana tayar da datanode ne, a ɗan jira, sannan a saita masa fifiko da renice. In ya riga ya mutu kafin nan, renice ba ta samun kowa, sai wannan ƙorafi ya fito. A Linux fifiko yana tsakanin -20 da 19, kuma root kaɗai ke iya sauka ƙasa da sifili. Hadoop kuwa a kan 0 yake barinsa, in ba kai ka taɓa HADOOP_NICENESS ba.

Saboda haka buɗe foldar logs, ka karanta ƙarshen fayil ɗin datanode, na .log da na .out. Nan ne gaskiyar take.

Abin da muka tarar a nasa ya shafi kowa a yankinmu, inda wuta ba ta da tabbas. Hadoop yana ajiye bayanansa a /tmp in ba a canza ba, Ubuntu kuma tana share wurin idan kwamfuta ta sake tashi. Aka ɗauke wuta, batir ya ƙare, bayanan namenode suka tafi. Ya sake yi masa format, sai clusterID ɗinsa ya saɓa da na cikin fayil ɗin VERSION na datanode. Ga kuma sudo da ta mayar da foldoji mallakin root.

Muka canza hadoop.tmp.dir a core-site.xml zuwa wuri mai ɗorewa, muka dawo da mallakar foldoji da chown, muka share tsohuwar ajiyar datanode tunda babu abu mai muhimmanci a ciki. In kana da bayanan da kake so, kada ka share, daidaita lambar clusterID ɗin kawai. Duba kuma da jps ko wani tsohon datanode na nan yana aiki, don yana iya riƙe tashar 9866.

Ɗalibai, don Allah ku karanta logs kafin hannunku ya kai ga sudo.