Darasin lissafi: koya wa yara ƙirga kashi-kashi

Yaro ƙarami yana fara ƙirga ɗaya-ɗaya. Wannan ya isa in awaki biyar ne. Amma in ƙwan zabi 60 ne, ko damman hatsi 140, sai ya ruɗe a tsakiya ya koma farko. Shi ya sa malamin lakwal yake koya wa ƴan ajin farko su tara abu kashi-kashi. Darasin ba ya bukatar kuɗi. Kowane yaro ya zo da tsakuwa da guntayen kara, shi ke nan.

Ana farawa da bibbiyu. Yara su tuɓe takalma, su jera su bakin ƙofa. Malami yana nuna takalman kowa, su kuma suna faɗi: 2, 4, 6, 8, 10. Wanda ya kasa sai ya ce 1 cikin ransa, ya ce 2 da ƙarfi, 3 cikin ransa, 4 da ƙarfi, har ya saba.

Biyar-biyar ita ce ta fi amfani a ƙasar nan, kuma ba baƙuwa ba ce. A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Tasawa. Ya ga ƴan kasuwa suna jan wuri biyar-biyar. Wuri 20 hauya ɗaya ne, hauya goma kuma tuli ɗaya na 200. Wuri ya wuce, amma dala ta zauna a wurinsa. Dala ɗaya tamma 5 ce. A kasuwa dala ake faɗi, a takarda kuwa tamma ake rubutawa. Nan mutane da yawa suke cutuwa. Yarinya mai talla ta ga 35 F a rubuce, ta zaci dala 35 ne, alhali dala 7 ne. In ta iya biyar-biyar sai ta riƙa lanƙwasa yatsa: 5, 10, 15, 20, 25, 30, 35. Yatsa bakwai, dala bakwai. Haka 50 F dala goma ne, 100 F dala ashirin.

A cikin aji yara suna fitowa su ɗaga hannu, ƴan'uwansu suna ƙirga yatsu biyar-biyar. Daga nan kowa ya koma kan tsakuwarsa.

Akwai kuskure guda da malami zai lura da shi. Wani yaro yana rera 5, 10, 15 kamar waƙa, amma tsakuwa ɗaya-ɗaya yake turawa. Bakinsa ya iya, hannunsa bai gane ba. Duka ba ya gyara wannan. A sa shi ya tara biyar a gefe tukuna, sannan ya faɗi lambar.

Goma-goma kuwa da kara ake koyonta. Kara goma a ɗaure su da kaba, ya zama dami ɗaya. Yaro mai kara 34 zai samu dami 3 da kara 4 da suka rage. Malami ya rubuta 3 a hagu, wurin damma, ya rubuta 4 a dama. Yaron da ya ɗaure damman da hannunsa ba zai rubuta 304 ba in an ce talatin da huɗu. Manomi ya daɗe da sanin wannan ƙirga: lokacin fid da zakka yana ware dami ɗaya cikin goma, dami 140 ya ba da 14.

Iyaye ƴan makarantar yaƙi da jahilci suna iya gwada ƴaƴansu da dare:

Dami 7 da kara 2, nawa ke nan?

Tsakuwa 23 an kasa su biyar-biyar. Kashi nawa, saura nawa?

An rubuta 85 F a takardar magani. Dala nawa za a biya?