Yadda Ake Karanta Jadawalin X da O a Kasuwar Kirifto da Hannun Jari

Matasa da dama a Dutse, daga Yalwawa har zuwa ɗaliban Jami'ar Tarayya, sun saba da jadawalin kyandir mai kore da ja a wayoyinsu. Matsalar wannan jadawali ita ce yana nuna duk ɗan motsin da farashi ya yi, sai mutum ya ruɗe ya sayar da kayansa da asara saboda faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba. A darasinmu na yau za mu duba wani tsohon salo mai suna Point and Figure, wanda ke tace irin wannan hayaniya.

'Yan kasuwar hannun jari a Amurka ne suka fara amfani da shi tun ƙarshen ƙarni na 19. A 1933 Victor de Villiers ya wallafa littafi a kansa, daga baya kuma A. W. Cohen ya yaɗa tsarin juyawa da gida uku da ake yawan amfani da shi yanzu.

Ka'idarsa biyu ce. Ta farko, harafin X yana nufin farashi na hawa, O kuma yana nufin yana sauka, kuma ba sa haɗuwa a layi ɗaya. Ta biyu, babu ruwan jadawalin da lokaci. Farashi zai iya kwana goma bai motsa ba, ba za ka rubuta komai ba.

Kafin ka fara, sai ka zaɓi girman gida, wato nawa farashi zai motsa kafin ka sa alama ɗaya, sannan ka zaɓi gidaje nawa zai koma baya kafin ka buɗe sabon layi.

Mu ɗauki misali da buhun riɗi a kasuwar Shuwarin, da farashin da muka ƙirƙira don koyo. Gida ɗaya naira 1,000, juyawa gida uku. Buhu ya tashi daga 90,000 zuwa 94,000, sai ka jera X har 94. Sati na gaba ya sauka 92,500: ba ka rubuta komai, domin saukar ba ta kai gida uku ba. Idan ya kai 91,000, sai ka buɗe sabon layi a dama ka sa O a 93, 92 da 91. Ya sake hawa zuwa 94,000, sai sabon layin X daga 92 zuwa 94.

A nan ake sa ido. Idan wannan X ta wuce 94 ta kai 95, ta ƙetare kololuwar da ta gabata, masu nazari suna ɗaukar hakan alamar saye. Idan kuma wani layin O ya faɗi ƙasa da 91, alamar sayarwa ce. Wannan 91 ɗin ita ce iyakar da za ka tsayar da asararka tun kafin ka shiga.

A waya, manhajar TradingView tana da wannan jadawali a cikin jerin nau'o'inta, shafin StockCharts ma yana da shi. Ka gwada shi a kan Bitcoin ko hannun jarin Dangote Cement da MTN a kasuwar NGX ta Legas. Idan gidan ya yi ƙanƙanta, alamun ƙarya za su yi yawa. Idan ya yi girma, za ka ga alama bayan farashi ya riga ya yi nisa. Ka fara da takarda da biro na sati biyu kafin ka sa ko kwabo.

Abu na ƙarshe, jadawali ba ya kare ka daga dandalin bogi. A watan Afrilun 2025 dandalin CBEX ya durƙushe da kuɗin dubban 'yan Najeriya, kuma babu X ko O da ta hango haka. Ka duba ko dandalin da kake amfani da shi yana da rajista da hukumar SEC, kada kuma ka zuba kuɗin makaranta ko jarin da aka ranta maka.