Shirin Tunkarar Ambaliya da Tsawa Bayan Mamakon Ruwan Sama: Nazari a Kwarin Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi kwanakin da ke biyo bayan ruwa mai yawa a kwarin Haɗeja, domin a cikinsu ne ake tafka asara mafi muni, bayan mutane sun ga gari ya washe sun saki jiki. Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, waɗanda aka datse da madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano yakan ɗauki kwanaki kafin ya iso Ringim da Auyo da Haɗeja, don haka ambaliya kan sami ƙauye a ranar da ko yayyafi ba a yi ba.

2.0 Dalilan Jinkirin Haɗarin

Ƙasar kwarin shimfiɗaɗɗiya ce, kuma yumɓu ya yi mata yawa. Idan ta ƙoshi da ruwa a watan Agusta, duk abin da ya ƙara sauka sai ya kwanta a sama. Ciyawar kachala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a wajejen Guri da Kirikasamma, tana ƙara dagula lamarin, domin ruwan da ya rasa hanya gefe yake nufa, cikin gonakin shinkafa da gidaje, kamar yadda aka gani a 2022.

Ginin ƙasa ma a wannan lokaci yake faɗuwa. Danshi yakan hau katanga daga gindi, tubali ya jiƙa, soro ya yi nauyi a kan azara, sannan ɗakin ya rufta, sau da yawa cikin dare. Tsagewar bango, da kumburin yaɓe, da ƙofar da ta fara ƙin rufuwa, duk alamu ne da ya kamata su fitar da iyali daga ɗaki a ranar, ko da za su kwana a makarantar gari.

3.0 Matakan Shiri

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA kuma tana bayyana yankunan da ambaliya ka iya shafa. Rauninsu shi ne gargaɗin yakan ambaci ƙaramar hukuma, alhali manomi yana buƙatar sanin ranar da ruwa zai iso bakin jingarsa. Wannan giɓi dagatai da masu unguwanni ne suka fi cancanta su cike shi: a kafa sanda mai alama a bakin kogi, a ɗora wa mutum guda duba ta safe da yamma, ƙauyen sama kuma ya riƙa sanar da na ƙasa ta waya.

Gyaran jinga da yashe magudana aikin gayya ne na bazara. Buhunan yashin da ake cikawa bayan ruwa ya taso ba kasafai suke tsayawa ba. Hatsi da iri da takardun gona a kai su tudu tun farkon Agusta, a kuma san inda za a kora dabbobi da wanda zai ɗauki tsofaffi. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, saboda haka ƙetare shi da ƙafa ganganci ne. Rijiyar da ambaliya ta shiga kuwa, sai an tafasa ruwanta, gudun amai da gudawa.

Game da tsawa, hadarin yankin daga gabas yake tasowa, da iska a gabansa. Ƙarar aradu tana cin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku, don haka duk wanda ya ji ta yana cikin inda za ta iya faɗawa. Manomi da makiyayi su bar fili, masunci ya fito daga ruwa, kada a fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma a dakata minti 30 bayan rugugin ƙarshe kafin a koma gona.