Yadda Ake Neman Ilmin Halayyar Ɗan'adam Daga Nesa

Wannan bayani na yi shi ne domin malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti, ko na ƙaramar hukuma, wanda ke zaune Dutsin-Ma ko Kurfi da digiri na farko a hannu, yana ganin yaran da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu sun zauna cikin aji jugum, zuciyarsa na son ilmin da zai taimake su da shi, amma iyali da albashi sun hana shi barin gida.

Da farko sai ka tsai da niyya a kan fannin da kake nufi, gama ilmin halayyar ɗan'adam reshe-reshe ne. Akwai na masu duba taɓin hankali, wanda ba ya samuwa sai da zama cikin asibiti irin na Barnawa a Kaduna ko na Ƙware a Sakkwato, ƙarƙashin idon gwanaye. Duk wanda ya ce zai ba ka wannan ta waya, kuɗinka yake so. Akwai kuma na jagoranci da ba da shawara, wanda ake aiki da shi a makarantu, shi ne kuwa wanda ƙofarsa ke buɗe ga mai karatu daga nesa.

Sa'an nan ka zaɓi makaranta. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ake kira NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Tana da cibiyar karatu a birnin Katsina, tana kuma ba da digiri na biyu a wannan fanni. Kafin ka biya ko kwabo, tabbatar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin, domin takardar da hukuma ba ta sani ba, ko ta sha ado da hatimi, kwali ce kurum.

Tara takardunka: shaidar digiri, da ta hidimar ƙasa ko ta yafewa, da sakamakon sakandare mai kiredit 5 har da Turanci da lissafi. In digirinka ba na koyarwa ba ne, galibi sai ka fara da difloma ta koyarwa, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ma take bayarwa daga nesa. Wajen cika fom a intanet kuwa, kada ka miƙa wa yaron shagon kwamfuta ka juya baya. Zauna kusa da shi, ka duba harufan sunanka ɗaya-ɗaya, ka riƙe lambar sirrinka a hannunka.

Da zarar an yi maka rajista, sauke littattafan zangon duka, ka buga su a takarda. Mutanen wannan yanki ba su bukatar dogon dalili, tun da sun ga yadda aka rufe layukan waya a watan Satumba na 2021 a ƙananan hukumomi 13, har da Dutsin-Ma da Kurfi, mutum ya shiga mota takanas ya nufi Katsina domin aika saƙo guda. Ka yanka wa kanka lokacin muɗala'a da ba ya motsi, mafi kyawunsa bayan Asuba kafin gida ya tashi, domin ɗalibin nesa ba shi da ƙararrawa sai ta zuciyarsa. Aikin gida da ake yi ta intanet yana da maki 30, jarrabawa 70, ita kuwa a cibiya ake zama a rubuta ta. Saboda haka ka ware kuɗin mota tun farkon zango, ka kuma yi tafiyar da rana tsaka.

To, ga inda mas'alar take, kuma a nan ne na ga mutane da yawa sun yi sakaci. Magabatanmu ba su taɓa yarda cewa littafi kaɗai yana mai da mutum malami ba, shi ya sa almajiri yakan durƙusa gaban shehinsa shekara da shekaru kafin a ba shi ijaza. Wannan fanni kuwa ya fi kowane bukatar haka, domin abin da ake dubawa a cikinsa zuciyar mutum ce mai rai. Cikin kwas ɗin akwai lokacin gwajin aiki, waɗansu sukan kai fom wurin wani shugaban makaranta ya buga hatimi, a rabu lafiya. Kada ka bi wannan hanya. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, duka a ƙofar gidanka. Je ka da ladabi wurin malamin da ya san fannin, ka roƙe shi ya riƙa duba aikinka. Na taɓa zama da wata yarinya da ta daina magana a aji, na yi ta zuba mata nasiha rabin sa'a, tana murza bakin hijabinta, ba ta ɗaga kai ba; da na kai wa malamina labari sai ya tambaye ni, minti nawa na yi shiru? Ban sami wannan tambaya cikin littafi ba.

Ka haɗa da karatun namu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayanin baƙin ciki da tsoro da waswasi cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, marigayi Malik Badri na Sudan kuwa ya gargaɗi Musulmi a kan haɗiye ra'ayoyin Turawa ba tauna. Wanda zai zauna da dattijuwa daga ƙauyen Kurfi lalle ne ya san harshen haƙuri da ƙaddara, ba tare da ya mai da su hanyar rufe mata baki ba.

Bayan kammalawa, nemi shiga ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, ka kuma bi ka'idar rajista, tun da an sa hannu a dokar kafa majalisar wannan sana'a a 2022. Sirrin wanda ya zo gare ka amana ne, ko mai ɗakinka kada ta ji. In kuwa ka ga mutum ya kwana uku bai runtsa ba, ko yana jin muryoyi, ko yana ambaton kashe kansa, kada ka tsaya gwada ilminka a kansa. Kira danginsa, ku kai shi asibiti a ranar.