Amsoshin Wasiƙunku: Tuffa, Magarya da Injin Gari

Masu saurarenmu na Filinge da kewaye, daga Shikal, Luma da Tukunus har Bonkuku da Abala: Wasiƙu sun taru, lokaci kaɗan ne, sai mu shiga.

Ta farko daga wani mai garka a Shikal. Ya ce ɗansa da ke karatu a Faransa ya ba shi labari, wai can mai itacen tuffa a bayan gida yakan kai abin da ya tsinka wurin mai injin matsa, ya biya ladan aiki, ya koma da ruwan tuffarsa cikin kwalabe. Yana tambaya ko haka zai yiwu a nan Kurfai, kuma ina zai samu dashen tuffa.

Baba, yaronka bai yi ƙari ba. A Faransa da Jamus sana'a ce tsohuwa, kuma kilo 100 na tuffa kan ba da lita 60 zuwa 70. Amma kada ka kashe kuɗinka a kan dashen tuffa. Itace ne da ke son sanyi na watanni kafin ya yi fure yadda ya kamata, mu kuwa hunturunmu sanyin dare ne da asuba, bazara ta zo zafi ya haura awo 40. Tsarin aikin za ka ɗauka daga labarin, itacen kuma muna da namu. Tun farkon shekarun 2000 cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, inda Farfesa Dov Pasternak ya yi aiki, take yaɗa magaryar da ake kira tuffar Sahel: ana ɗauko reshen irin Indiya, kamar Gola ko Umran, a aura shi a kan magaryarmu ta daji. Saiwar tamu ce, ta saba da fari, 'ya'yan kuma manya, masu nama, masu yawan bitamin C. Malaman gona da na gandun daji sun san auren, ka neme su. Ga kuma mangoron da ke cika kasuwa a Afrilu da Mayu har ya ruɓe a kwando, ga yakuwa, ga tsamiya, ga kuka.

Ni ra'ayina, abin da ya dace da mu shi ne wurin aiki ɗaya a gari, kan tsarin injin niƙa. Ba kowane gida ke da injin niƙa ba, kuma babu matar da ta zauna jiran a gina mata masana'antar gari. Takan ɗauki tiyarta ta kai, ta biya, ta karɓo abinta. Mai itace biyar ko goma ba zai iya sayen inji ba, ko ya saya zai yi aikin mako biyu ya kwanta yana tsatsa. Babbar masana'anta kuma tana son kaya mota-mota duk shekara, abin da garakenmu na Dallol Boso ba su kai ba tukuna. Tsakanin waɗannan biyu akwai wuri, ko ƙungiyar mata ta riƙe shi, ko wani matashi mai jari. Sai dai a sani, magarya da mangoro ba matsarsu ake yi kamar tuffa ba. Cire ƙwallo ake yi, a markaɗa naman, a ƙara tsabtataccen ruwa, a tace. Kuma markaɗen ba shi ne babban aikin ba. Masana sarrafa abinci sukan ce ran lemon yana ga zafi: a ƙara ruwan lemun tsami don tsamin ya isa, a ɗora a wuta har awo 80 ko sama da haka kaɗan, a zuba da zafinsa cikin kwalbar gilas da aka tafasa, a buga marfi nan take. Wanda aka yi wa haka yakan yi watanni a ɗaki. Wanda aka ɗura a gorar roba da aka tsinto kuwa, a wannan zafi namu kwana ɗaya ya ishe shi ya lalace, robar ma ba ta jure ruwan zafi. Don haka ma'aunin zafi da injin buga marfi sun fi injin markaɗe muhimmanci.

Wata hajiya daga Bonkuku ta ce, da wace wuta? Kai jama'a, tambayar wutar lantarkin nan ba ta ƙarewa, kowane shiri sai ta dawo. Hajiya, gaskiyarki, kowa ya tuna watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta. Amma a duba, wannan hujja ce da ke goyon bayan tsarin. Lemon zoɓon da ake sayarwa yau shi ne ba ya rayuwa sai da firji ko ƙanƙara. Wanda aka dafa aka rufe ba ya neman ko ɗaya. Dafuwar da gas ake yi, markaɗen kuma akwai inji mai amfani da mai.

Wani ɗan kasuwa a Filinge ya ce damina ɗaya za a rufe wurin, tunda kowane ɗan itace lokacinsa gajere ne. Alhaji, wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma in an dogara da itace ɗaya ka yi daidai. Amma jera su ka gani: magarya da sanyi, mangoro da bazara, yakuwa bayan kaka, tsamiya da kuka busassu ne, ana ajiye su a yi aikinsu ko yaushe. Ga watan azumi, da kowane gida ke neman abin buɗa baki. Abin da zan yarda da kai a kansa shi ne kwalba da marfi. Daga Yamai za su zo, tafiyar kilomita kusan 180 ta Baleyara. Dole mai saye ya ajiye kuɗin kwalba, in ya maido a mayar masa, in ba haka ba kwalba za ta cinye ribar.

Wani kuma ya ce yana tsoron a cuɗa kayansa masu kyau da ruɓaɓɓun wani. Maganin wannan doka ce tun ranar buɗewa: a auna na kowa a gabansa, a yi masa aikinsa daban. Ku ma masu garka, a ji tsoron Allah. Tuffar Sahel tana da maƙiyi, ƙudan 'ya'yan itace. Za ka ga ɗan ɗigo baƙi a fata, ka tsaga ka tarar da tsutsa. Irin wannan, da wanda ya faɗi ƙasa ya yi laushi, ba na lemo ba ne. A tattara a binne da zurfi don ƙudan kada ya hayayyafa.

Mai tambaya ko lemon da ya daɗe a kwalba ya halatta: hukunci na malamai ne, su za ka tambaya. Abin da zan ce kawai, in ka buɗe ka ji ya yi tsaki yana kumfa, ya juya, zubar.

Shawarata ga ƙungiyoyi, kafin ku je wa magajin gari da kukan inji, ku zagaya garake ku ƙidaya itatuwa, ku rubuta wanda zai kawo kaya da watan da zai kawo. In lissafin ya cika watanni takwas na aiki, ku nemi inji da ƙarfinku. In bai cika ba, bana a fara da auren magarya. Lokaci ya cim mana, wasiƙun Abala da Damana sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.